Rubutun Malam a cikin firigo

Jiya ina gyara firigon labo ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, a unguwar Harobanda, sai hannuna ya faɗa kan wata 'yar kwalbar jini da ƙanƙara ta lulluɓe. Na goge ta da babban yatsa, sai ga rubutun Malam, shuɗi, a karkace kamar kullum. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Shi ya koya mini aikin nan. Ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda garkuwar jiki, garin yaƙar sanƙarau, take lalata jijiyoyin kunne da ƙwaƙwalwa. Ƙa'ida ta ce lamba kaɗai ake sa wa kwalba, kuma bai taɓa saɓa mata ba. Amma kafin ya buɗe kowace, sai ya ɗan riƙe ta a tafinsa ya ce, "Ɗan wani ne."

Wata rana da bazara, fanka na kaɗa iska mai zafi, ɗakin na warin alkol ɗin goge kayan aiki, na shigo da murnata na ce, "Malam, masana a ƙasashen waje sun gina sabon bincike a kan takardarka."

"Madalla," ya ce, bai ɗago kai ba. "Yarinyar nan ta Tondibiya da muka ɗebi jininta fa, ta soma jin kiran uwarta?"

Ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Washegari na tafi Tondibiya na duba ta. Ba ta ji, kuma har yau ba ta ji.

Na mayar da kwalbar wurinta a hankali. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya makwancinsa, Ya kuma ba mu ikon samo amsar da ya tafi yana jira.