Inci Biyun da Muka Rage wa Motar Bukar

Ina duba takardun jarrabawa a Fika, ranar Laraba bayan la'asar, Falmata matar ƙanena ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. "Yaya, Bukar ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe biro, na sa shi a jaka, na tsara takardun ɗalibai ɗaya bisa ɗaya kafin na miƙe. Har yau ban san wa nake nuna wa natsuwa ba, don ni kaɗai ce a ofishin.

Bukar Allah bai yi shi mai barin abu yadda ya same shi ba. Tun muna yara ya kwance rediyon Baba don ya ga inda mai labarai yake zama. Ya girma da ciwon asma da kuma wannan hali, babu wanda ya rabu da shi a cikinsu. Ya gyara wa rabin unguwar Bolewa fanka da famfo, bai taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Yakan ce, "Ni abin da ba ya kwantuwa ban yarda da shi ba."

Bara ya ƙudura sai ya rage wa motarsa tsayi. Ita ce motar zuwa aiki, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta kai Hajiyarmu asibiti. Ya ce tana tsaye kamar raƙumi. Wata uku yana auna abu biyu. Ko dai gajeren sifirin na ƙafar mota, a sa shi sau ɗaya, mota ta sauka inci biyu ta zauna a nan har abada. Ko kuma abin da ake kira koyiloba, wato shokazoba haɗe da sifirin, mai zare a jiki, a juya da sufana a ɗaga mota ko a sauke ta yadda aka so. Ransa na kan na biyun.

"Da rani in sauke ta, da damina in ɗaga ta. Yaya, ke da kika yi boko, me kika gani?"

Boko na yi, amma na tarihi. Wannan bai hana ni magana ba, bai taɓa hana ni ba. Na ce masa, "Kai aka ba abin juyawa, Falmata ta yi sallama da miji ke nan. Kullum kana ƙarƙashin mota. Sa sifirin ka huta, mu ma mu huta." Aka yi dariya a tsakar gida, Hajiya har da tafi. Oga Sunday, makanikensa, ya ce shi ma sifirin ya fi masa, zaren koyiloba yakan ci tsatsa ya ƙi motsi. Bukar ya sosa ƙeya ya ce, "To, babba ta faɗa." Haka yake. Ya kusa arba'in, amma ko ruwa na ce ya yi zafi sai ya hura.

Motar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. A kowane tudun titi yakan bi a karkace, a hankali, masu babur suna masa tsiya a baya. Yana murmushi yake cewa, "Su wuce, ni ba a kore nake ba."

Sai rana ta biyu ta zaman makoki na ji sauran labarin, daga bakin wata maƙwabciya da ba ta san da hannuna a ciki ba. An yi ruwa da rana, ya cinye ƙasar da ke bakin kwalbatin layinsu. Numfashin Bukar ya sarƙe, maganin shaƙarsa bai yi komai ba. Maza uku suka sa shi a mota suka shiga. Da nauyinsu, cikin motar ya hau kan kwalbatin ya zauna, taya na juyawa a iska. Sun tura, sun ɗaga, har wani ya ruga bakin titi ya samo adaidaita. Kafin a isa ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Likita ya ce ko da sun iso da wuri, ba lalle ba ne. Na san wannan "ba lalle ba ne", ni ma da ita nake sallamar iyayen ɗalibin da ya faɗi. Na yi imani kwanan Bukar ne ya ƙare, babu sufanar da za ta ƙara masa minti ɗaya. Na kuma san watan Agusta ne, kuma da koyiloba ya sa, da ya ɗaga motar tun ruwan farko. Duka biyun suna zaune a ƙirjina, babu wanda ya matsa wa wani.

Na je wurin Falmata da niyyar neman gafara. Ta riga ni magana. Ta miƙo mini makullin motar ta ce, "Yaya, ki yanke yadda za a yi da ita, a sayar ko a bari. Kullum cewa yake ke kika fi mu sani." Na karɓa. Kwana arba'in ke nan makullin yana jakata, kusa da biron nan.

Allah ya jiƙan Bukar, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi numfashin da ya rasa a duniya. Allah ya raya yaransa Amina da Modu, ya dafa wa Falmata, ya sanyaya zuciyar Hajiya. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya sa in iya cewa ban sani ba.