Birgi a Gindin Katangar Kamfani

Indo mai abinci ba ta san sunansa ba. Kullum da azahar, in ma'aikatan kamfanin jimar fatu a Challawa suka yi wa tukunyarta caa, shi sai ya koma gindin katanga, ya cire rambut, ya kwance wani ƙullin buhu. Birgi ne a ciki, ragar da masunta ke watsawa a kogi.

Dattijo ne siriri, maganin jima duk ya cinye masa yatsu. Yana maƙale bakin ragar a babban yatsan ƙafarsa, yana bin ta ido-ido. Inda zare ya saki ya ɗaure, dalmar da ta yi sako-sako ya matse ta da haƙori. Zaren ma sai ya ja shi ya ji ƙwarinsa kafin ya yarda da shi.

Indo tana zaton jinin masunta ne daga ƙauyukan bakin kogi. Amma ragar a bushe take ƙayau, ko ƙarnin kifi babu.

Yau dai ta kasa daurewa. "Baba, har yanzu kuna samun kifi kuwa?"

Bai ɗago ba. "'Yata, ruwan da nake wanke fatu da shi, mashigarmu yake gangarawa. Kifi ya gudu."

"To, gyaran fa?"

"In ruwan ya warke bayan raina, kada jikana ya tarar da ita a yage."

Jiniya ta yi kuka. Ya naɗe birginsa a hankali, ya zura rambut, ya koma ciki.