Fuskar Uban Saude

Duk wanda ya zauna a unguwar Abbaganaram ta Yerwa wajen shekara ta 1963 ya san gidan da ake haɗa turaren wuta, ko da bai san mai haɗawar ba, don ƙamshin kan tari mutum tun daga bakin lungu. Saude ce mai haɗawar. Siririyar mace ce 'yar shekara ashirin da ɗaya, mai saurin tafiya da saurin baki. Kakanninta daga Kano suka zo Yerwa da fataucin goro suka yi zamansu, har ya zama ita da Hausa take ciniki, amma in ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa.

Aibinta ɗaya ne, in ma aibi ne: ba a ce mata "haka muka tarar" ta yi shiru. Mijinta Inuwa mai gyaran keke ya daɗe da sallamawa. In ta fara tambaya sai ya duƙufa kan tayar da ke gabansa, ya bar ta da duniya.

Saude ba ta san ubanta ba. Tana ciki Ya'akubu ya shiga soja, aka kwashe su zuwa Burma a yaƙin duniya, bai kuwa dawo ba. Akwatinsa na ƙarfe ne ya dawo. Uwarta Binta ta sake aure a Konduga, ita kuma Saude ta tashi a hannun kakarta Hajja, uwar Ya'akubu, har bayan aurenta gida ɗaya suke. Shekara goma sha bakwai akwatin na ƙarƙashin gadon Hajja, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Sai daminar wannan shekara rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gado, dole aka jawo akwatin tsakar gida aka buɗe don a shanya.

Ba wani abin kirki a ciki. Bargo mai warin ajiya, kwanon cin abincin soja da ya lotse, maɓallan tagulla, aska, laya guda, da wasiƙu uku da Hajja ta tura ciki ranar da akwatin ya iso. Can ƙasa kuma hoto: mutum goma sha biyu, shida a tsaye, shida a tsugune, kowa da hula iri ɗaya mai naɗaɗɗen gefe, kowa ya ɗaure fuska. Saude ta tsaya da hoton a hannu har turarenta ya kusa ƙonewa a kasko. Ɗaya daga cikin mutanen nan ubanta ne, ba ta san ko wanne ba. Abin ya tsaya mata a rai fiye da yadda ta zata.

Mai amsar, Hajja, tana zaune taku uku daga wurin, tana tsintar shinkafa. To amma Ya'akubu ɗan farin Hajja ne, ita kuwa Hajja irin mutanen da ne da ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. In dole ta kama sai ta ce "wancan". An ce ranar da labarin rasuwarsa ya zo daka take yi, ta saurara, ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da dakanta. Saude ta san duk wannan, amma ta miƙa mata hoton.

Hajja ko kallon hoton ba ta yi ba. Ta ce, "Ni kike tambaya? Rashin kunyar taki har ta kai nan? Ɗauke mini takardarki, kin tare mini haske."

Saude ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi yajin gaisuwa na wuni guda, duk a banza. Ran Laraba sai ta hau babbar mota zuwa Konduga, tana ganin ai mace ba ta manta fuskar mijinta.

Binta ta goge hannu a zane, ta karɓi hoton, ta juya shi, ta nuna wani a tsaye. Can ta ce a'a, kamar dai na tsugunen nan ne. Da Saude ta matsa mata sai ta fito da gaskiya: wata huɗu kacal suka yi tare, tana amarya, kuma a zamaninsu amarya ba ta zuba wa miji ido. In ya shigo kanta na ƙasa, in zai fita kanta na ƙasa. Ƙafafunsa kam ta san su ciki da bai, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ya hau kan na kusa da shi, ko cikin ƙafa dubu za ta fid da su. Suka duba hoton tare. Duk mutum goma sha biyun sanye suke da takalman soja. Uwa da 'ya suka yi ta dariya har Binta ta share hawaye, Saude kuwa ta hau mota da daddawa da kuɓewa busasshiya, ba amsa.

Saura wasiƙun. Da Turanci aka rubuta su, don magatakardan soja ne ke rubuta wa waɗanda ba su yi boko ba. A lokacin da suka iso an kai wa wani akawu ya karanta, ya duba shafi uku cur ya ce, "Yana lafiya, yana gaisuwa." Iyakar abin da gidan ya sani ke nan shekara ashirin. Saude ta kai su Kasuwar Litinin wurin Celestine, wani Inyamuri mai kanti da take sayen kwalabe da madarar turare a hannunsa. Mutum ne mai son a san ya iya karatu. Ya sa tabarau, ya gyara murya, ya kori mai sayen sabulu, ya shiga fassarawa layi bayan layi.

Ashe uban nata mai surutu ne. Ya ce ruwan sama a ƙasar nan ba ya ɗaukewa, aikinsu ɗaukar akwatunan harsashi a ka cikin daji, sauron can ya fi na bakin tafkin Alau mugunta. Ya ce in da hali a aiko masa da kuka da daddawa. Ya gai da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya gai da limami, ya gai da wanzami. Ragon da ya bari a gida ya samu layi uku, har da gargaɗin kada a ba shi dusa da yawa. Saude ta kasa kunne tana jiran nata rabon. Ya zo a wasiƙa ta biyu, can ƙarshe: ya ji an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Shi ke nan. Ita ma 'yar fari ce, shi ma ɗan gidan ne, kunyar da aka yi masa ita ya yi mata. Ta ce wa Celestine ya sake karanta layin, ya karanta, ta ce ya ƙara. Haushi da daɗi suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara.

A wasiƙa ta uku aka samu bakin zare. Ya ce ga hoto nan sun ɗauka, zai riƙe shi ya kawo da kansa, shi ne a tsaye kusa da abokinsa Dzarma. Celestine ya sauke tabarau ya ce ai akwai wani Dzarma tsohon soja a unguwar Wulari, masinja ne a wani ofishin gwamnati, a nan yake sayen man goge takalmi.

Dzarma ɗan ƙabilar Babur ne, gajere, mai kunnuwa a buɗe, yana zaune ƙofar gidansa da yamma yana goge takalman da suka riga suka yi ƙyalli. Da Saude ta gaishe shi ta faɗi ko 'yar wace ce, sai ya miƙe tsaye ya ƙame kamar ofisa ya shigo. Ya karɓi hoton, bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa kan wani dogo kyakkyawa mai igiya biyu a hannun riga, ya ce wannan shi ne Dzarma da kansa. Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa, ta tambaye shi tun yaushe ya taɓa yin tsawo, da kuma inda ya ajiye kunnuwansa ranar. Bayan 'yar gardama ya yarda cewa shi ne na uku daga dama, wanda hula ta zauna masa a kan kunnuwa.

Saude ta matso ta duba wanda ke kusa da shi. Sai dai mutum a tsakiyar layi gefe biyu gare shi. Akwai wani a damansa, akwai wani a hagunsa, dukansu sirara, dukansu baƙaƙe, hula ta rufe musu goshi.

Dzarma ya daɗe yana kallo. Ya ce ya tuna Ya'akubu Yerwa sarai. Bargo ɗaya suka riƙa rufa da shi, mutum ne mai son waƙa ga muguwar murya, in ya fara har Turawa kan roƙe shi ya yi haƙuri. Zazzaɓi ne ya kashe shi a bakin wani kogi, shi Dzarma yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Duk wannan yana nan a kansa. Fuskar ce ta ƙi tsayawa.

Ya ce, "'Yata, zan iya nuna miki ɗaya ki tafi da murna. Amma in na ba ki uban wani, me zan ce masa ranar da muka haɗu?"

Ya miƙa mata hoton da hannu biyu, bai ƙara kallonta ba. Saude ta ji tausayinsa ya kama ta, ta yi masa godiya, ta bar wa matarsa ƙullin turare.

Daga goma sha biyu an dawo biyu, kuma nan abin ya tsaya. Kwana uku Saude tana kallon na dama tana kallon na hagu, ta duba madubi, ta dawo. Inuwa ya ce ta riƙe su duka biyun mana, addu'a ai ba ta ɓata hanya. Kallon da ta yi masa ya sa ya koma kan tayarsa.

To, akwai wani hali na Hajja da duk unguwar ta sani: ba ta iya jin an yabi mutum ta bar shi ya wuce lafiya. Ango ne, jariri ne, sabon limami ne, sai ta samo inda Allah ya rage shi. Da wannan Saude ta yi dabara. Ran Juma'a da hantsi ta kira maƙwabciyarsu Ya Fanna, suka shimfiɗa tabarma daidai inda Hajja ke kaɗi, suka sa hoton a tsakiya. Ba wanda ya ambaci Ya'akubu. Ya Fanna ta fara yabon dogon nan mai igiya biyu, ta ce ita ba ta taɓa ganin namiji mai kyansa ba.

Hajja ta yi kamar ba ta ji ba. Ya Fanna ta ƙara gishiri. Mazarin Hajja ya tsaya.

Ta ce a miƙo mata ta ga abin da ake yi wa wannan ɓaɓatun. Ta riƙe hoton nesa da ido, ta ce wannan ne kyakkyawan? Dogon banza, wuya kamar na zalɓe. Daga nan kuma ba mai tsayar da ita. Na kusa da shi ta ce daga gani ɓarawon kaji ne. Na tsugune na farko ta ce barci yake ji, na biyu hancinsa ya cinye rabin fuskar, na uku Allah ya sa uwarsa ba ta ga hoton nan ba. Ya Fanna tana riƙe da ciki don dariya. Hajja ta gama da na tsugune kaf, ta koma layin sama, yatsanta na tafiya daga wannan zuwa wancan. Ta iso kan Dzarma ta ce wannan in iska ta taso sai an riƙe shi. Ta ce na hagunsa idonsa na mayunwata ne.

Saude ba ta dariya. Ƙirga take yi a yatsunta ƙarƙashin mayafi. Da Hajja ta ajiye hoton ta jawo audugarta, lissafin ya tsaya a goma sha ɗaya. Yatsan Hajja ya bi ta kan kowa, amma da ya zo kan na daman Dzarma sai ya ɗaga, ya tsallake, ya sauka a gaba.

Saude ta ɗauki hoton. Wani siririn saurayi ne, bai ma kai shekarun Inuwa ba, hularsa ta ɗan karkace, bakinsa kamar yana danne dariya. Ta yi ta kallonsa. Ba ta tambayi komai ba, karo na farko a rayuwarta. Ta dai ɗora yatsa a ƙirjinsa a hankali, ta bar shi a nan. Ya Fanna ta duba yatsan, ta duba tsohuwar, dariyarta ta ɗauke.

Hajja ta murza mazari, zaren ya tsinke. Ta ƙulla, ta sake murzawa, ya sake tsinkewa. Idonta na kan audugar, ba ta dubi kowa ba.

Ta ce, "Ba su ba shi abinci a can ba. Ba haka ya bar gidan nan ba."