Turmin Inna da Motar Baba

Ranar wata Asabar, saura kwana huɗu Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, na fito da tsintsiya da kwanon toka na tarar da ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa a ƙofar gidanmu na Fagge. Malamin makaranta ne, alli ya sani da jan biro, ban taɓa ganinsa da sifana ba. Ni kuwa ba wanda ya kai ni sanin ciwon motar nan, domin kullum kafin in tafi makaranta sai na barbaɗa toka a kan baƙin man da ta tsiyayar, na share. Na tsani aikin nan har cikin raina, musamman idan ina jiyo ƙawayena suna 'yar carafke a soro.

A shekarar nan tsiyayar ta wuce wasa. Robar da ke tare mai a bayan inji, wadda kanikawa ke kira sil, ita ce ta cinye. Kowace Sallah a motar nan muke zuwa Fataskum wurin Iya, mahaifiyar Baba, ga shi an aiko cewa ƙafa ta hana ta tashi, kullum tambayarta yaushe za mu zo. Baba ya zaga garejin Fagge kaf, kowane bakanike ya ce sai bayan Sallah. Sai ya je ya ɗauko maƙwabcinmu Baba Audu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ke yawan cewa, "Wanda ya kwance kan jirgi, mota ai abin wasan yara ce." Suka ɗaga ta a kan jak, suka tokare da bulo, suka yini suna fama kafin su sauke giyar motar. Inna ta ba su farantinta na tuwo suna jera notuna a ciki, tana mitar cewa ba za ta ƙara cin abinci a kansa ba.

Da la'asar Baba ya dawo daga Sabon Gari da sabon sil, yana tafe yana ƙasaita. Baba Audu ya ɗora shi a gurbinsa, ya kawo gudumar da ya saba da ita a wurin jirgi, ya sakar masa a gefe guda. Nan take abin ya karkace, ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Washegari kuma Lahadi, masu kayan mota a Sabon Gari sun tafi coci, shaguna a garƙame. Ranar Baba ko tuwon kirki bai ci ba. Na gan shi zaune a kan tabarma yana juya lanƙwasasshiyar robar a hannu, sai na ji tausayinsa ya kama ni, na ma daina fatan a sayar da motar.

Litinin da hantsi ya sake sayo wani. Suka tsuguna su biyu suna kallonsa, kowa na tsoron taɓawa. Inna ta leƙo daga soro. Ita turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, kuma tana da ɗan turmin ƙarfe da ta gada wurin kakarta, wanda ko mu ba ta yarda mu ɗauka. Ta ce, "Malam, abu mai zagayayyen baki ai ba a dukansa ta gefe. Ko murfin kwalba ne, gaba ɗaya ake danna shi." Baba Audu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce aikin ƙarfe ba daka ba ne. Sai kawai ta miƙo turmin. Da Baba ya kifa bakin turmin a kan sil ɗin, sai ya zauna daidai kamar tare aka ƙera su. Ya shafa mai, ya riƙa buga gindin turmin da taɓarya a hankali, robar ta shige sumul. Baba Audu ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Hajiya, da kin zo jirgi da tuni kin zama shugabarmu."

Kafin magariba suka mayar da giya. Inna ta ce ba ta yarda da bakin maza ba, ta shimfiɗa farin mayafinta a ƙarƙashin injin, aka kunna mota aka bar ta tana ruri. Muka jeru a tsugune, har da yaran maƙwabta, muna zuba ido. Da aka jawo mayafin, ko ɗigo babu. Na ɗauki kwanon tokar nan na yi jifa da shi bayan ɗaki, ba wanda ya ce mini kanzil. Ranar jajibere muka shiga Fataskum, motar na ƙamshin turare, Iya ta shafa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya tana hawaye tana dariya. Ita ce Sallarta ta ƙarshe, kuma muna tare da ita.

Yanzu idan motata ta yi tari, waya nake ɗagawa, a zo a ɗauka, a dawo mini da ita ban san abin da aka taɓa ba. Ƙofar gidan Fagge an zuba mata siminti, tabon man ya ɓace. Turmin yana wurina, da 'yan lotsawar taɓarya a gindinsa, kuma ni ma ba na bari yara su ɗauka.