Zogalen Malam Idi

Hannuna na kan reshen zogale na ji an ce, "Kai, ya waladi!"

Ina juyawa sai ga Hajiya Kulu, maƙwabciyarmu a unguwar Mansur ta Makka, riƙe da bokitin ban ruwa. Na ce yau kashina ya bushe.

Ga wanda bai san Makka ba, kaburburanmu ba a rubuta musu suna, mata kuma ba sa shiga maƙabarta. Shi ya sa matan unguwarmu suka mayar da wani ɗan fili a bayan masallaci lambu. Wadda aka yi wa rasuwa sai ta dasa itace sadaka, kowa ya ci, lada ya isa ga mamacin.

Ni dai matata ce ta tashi da sha'awar kwaɗon zogale.

Na fara ba da haƙuri, Hajiya ta katse ni.

"Wa ya hana ka tsinka? Amma kullum sai na bakin ƙofa! Mijin Rabi ya ƙoshi da lada, nawa Malam Idi yana can lungu, wata uku ko akuya ba ta leƙa shi ba. Yalla, wuce ciki!"

Ta tsaya a kaina sai da na cika leda biyu, ina ta danne dariya.

Can ta shafa jikin itacen, ta ce a hankali, "Ban san inda suka kwantar da shi ba. Nan kawai na sani."



Tun ranar na lungu nake tsinka. Ku fa, me kuka dasa wa naku da suka riga mu?