Yaya Indo ba "lamba bakwai" ba ce

Na Allah ne mu, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Asabar, 11 ga Mayu 2024, yayata Indo, mai suyar kifi a bakin tafki, ta rasu nan Madarumfa.

Yaya, kin san ni. A aji uku na bar kolej. Ni na koya wa kaina gyaran firigo, wato firji, ni na kafa shago, ba ubangida, ba gado. Sai dai kifin da kike aiko mini kullum; wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da Dokta Abdoul Aziz ya zo daga jami'a yana binciken yadda jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi, na'urarsa ta mutu. Ni na ƙera masa wata, ɗan farantin ƙarfe da ake ɗora wa fata, ya yi zafi, ya huce. Ke kika jawo masa mata arba'in, kina cewa, "Ku zo, ƙanena ba ya cizo."

Shekaru kina juya kifi cikin mai da yatsu. Gari na cewa asiri ne, ni ma har alfahari nake. Ran da na ɗora miki farantin a tafin ƙafa, zafi ya kai inda kowa ke zabura, kika ce, "Ashiru, ka kunna kuwa?" Dokta bai yi dariya ba. Ashe ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin. Bana kika taka ƙaya, ba ki sani ba sai da ƙafar ta ruɓe.

Alhamis mai zuwa masana ƙwaƙwalwa za su yi taro a jami'a. Na ga takardar Dokta: ke ce "lamba bakwai". Wai doka ce, sirrin mara lafiya ake karewa. Wane sirri? Matar da ta tsaya tsakiyar kasuwa tana nuna ƙafarta don mata su je awo?

Allah Ya jiƙanki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya sanyaya makwancinki. Jamila, 'yar Yaya kuma 'yata, ke da ƙannenki, Allah Ya ba mu haƙurin rashin uwarku.

Dokta, Jamila ta sa hannu a takardar izinin bayyana sunan uwarta, tana aljihuna. Alhamis ina layin gaba. Kafin ka buɗe baki, rubuta: Indo Sani, Madarumfa. A ƙarƙashin na'urar kuma, Ashiru Sani.