Harsashin Daktora Safa

Hausawan unguwar Ainu Shams ta Alƙahira sun san Badamasi da sunan Ɗantsoho, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san ainihin aikinsa. In an tambaye shi a bakin masallaci yakan ce, "Awo nake yi," ya bar maganar a nan. Wasu sun ɗauka hatsi yake aunawa, wasu suka ce zinari.

Mutumin Tasawa ne ta Nijar, ɗan maƙerin azurfa. Tun yana ƙarami ya saba da ɗan sikelin babansa, wanda numfashi ma kan motsa shi. Ya zo Alƙahira karatu yana da shekara ashirin da biyu. Ya yi shekara uku yana fama da nahawu da balaga, daga bisani ya gaya wa kansa gaskiya cewa kansa ba na littafi ba ne. Komawa gida ba takardar shaida ta yi masa nauyi, sai ya samu wuri a wani shagon gyaran sikeli a Abbasiya. A nan ya auri Fatna, Bahaushiyar Sudan da ta zo jinyar mahaifiyarta ta zauna, suka haifi 'ya ɗaya, Zaituna.

A shagon ne wani Bamisire mai suna Ismail, wanda ake ce wa Usta, wato ƙwararren mai sana'a, ya kawo sikelin da masu gyara biyu suka gaza. Badamasi ya kwance shi, ya gano ƙura ce ta taru a inda ido ba ya kaiwa, ya share, ya mayar. Usta Ismail ya tsaya yana kallon yatsunsa har ya gama.

"Kana tsoron bindiga?" ya tambaye shi.

"Ba na son ƙararta."

"Tamam. Masu son ƙararta ba sa daɗewa a wurina."

Usta Ismail shi ne mai kula da makamai a wani kulob na masu gasar harbi, can bayan Giza, inda gidaje suke ƙarewa rairayi ya fara. Lasisin hukuma a hannunsa yake, kuma ko kwanson harsashi ɗaya ba ya fita daga ƙofar kulob ɗin. Sai da aka yi shekara ɗaya da wata huɗu ana binciken Badamasi, an ɗauki hoton yatsunsa, an tambayi maƙwabtansa, kafin a ba shi izinin shiga ɗakin aiki a matsayin mataimaki.

Tun daga lokacin, kullum bayan sallar asuba yakan kama jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Ainu Shams, ya sauya a tsakiyar gari, ya sauka Giza ya shiga ƙaramar bas. Ɗakin aikin ba shi da girma: tebur ɗaya na ƙarfe, injin matsa harsashi mai hannu, sikeli a cikin akwatin gilashi, da fitila mai wuya. Aikinsa shi ne ya tattara kwanson da aka harba, ya wanke, ya duba kowanne ko ya tsage, ya sa masa sabuwar ƙwayar kunnawa a gindi, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora dalma ya matse.

Masu gasa ba ƙarfi suke nema ba. Harsashin kamfani yana sa bindiga ta yi shuri, bakinta ya ɗaga sama, sai mutum ya sake neman saiti kafin harbi na biyu. A gasar da ake duba lokaci, wannan ɗan jinkirin shi ne bambancin na ɗaya da na goma. Don haka suke son harsashi mai laushi. Amma laushin yana da iyaka. In ya yi yawa, bindiga ba za ta tofar da kwanso ba, ta cije. Kuma alƙalan gasa suna da na'urar auna gudun harsashi. Wanda nasa ya gaza ƙa'ida, makinsa ya zube. Badamasi ba ya ƙirƙirar awo daga kansa. Akwai littafin masu yin albarushin a kan tebur, a cikin abin da littafin ya yarda yake motsawa, kuma kowane sabon awo sai Usta ya gwada ya sa hannu.

Yana da ƙa'idoji nasa da ba wanda ya ɗora masa. Ba ya shan shayi a ɗakin. Ba ya hira in yana awo. Wayarsa a aljihun rigar da ya rataye bayan ƙofa take kwana. Kuma in ya jera kwanso hamsin a faranti ya zuba musu albarushi, sai ya janyo fitila ya leƙa cikin kowanne kafin ya rufe.

Daktora Safa likitar haƙori ce, tana da shekara arba'in da ɗoriya, ta daɗe tana gasar ƙaramar bindiga. Wata rana motar da ta shiga ta yi karo, wuyan hannunta na dama ya karye, aka sa mata ƙarfe. Bayan wata tara ta dawo kulob. Ta harba goma da harsashinta na da, ta ajiye bindigar, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki tana riƙe da hannun. Ammu take ce masa, wato baffa.

"Ammu Badamasi, kowane harbi kamar ana buga min ƙusa. Ka yi min mafi laushin da za ka iya."

"Mafi laushin da zan iya ba zai wuce wurin alƙalai ba, Daktora."

"To wanda zai wuce da kyar."

"Shi ma in aka yi sanyi ranar gasa zai iya faɗowa ƙasa. Ki bar min ɗan tazara."

Ta ce, "Kai ka sani."

Mako shida suka yi a kan abin. Ya sauya nauyin dalma, ya koma wani albarushin, Usta Ismail ya sa wa bindigarta sifirin mai taushi. Kowace Talata takan zo bayan ta rufe asibiti, ta harba ashirin, ta faɗi yadda hannunta ya ji. Badamasi yana gefe da toshiyar kunne biyu, ba ya kallon allon da ake harbi, hannunta yake kallo da inda kwanso yake faɗuwa. Ran da ya ga duk suna sauka wuri ɗaya, ita kuma ba ta yamutsa fuska ba, ya ce wa Usta, "Khalas, an samu."

A lokacin ne yaƙi ya ɓarke a Sudan. Mahasin, yayar Fatna, tana Omdurman da 'ya'yanta huɗu. Suka yi kwana goma sha ɗaya ba a ji daga gare su ba. Fatna ta daina cin abinci, ta koma zama da waya a cinya. Badamasi bai fasa zuwa aiki ba, amma a karon farko ya ajiye wayarsa a kan tebur, kusa da sikeli.

Ranar Lahadi da hantsi yana tsakar zuba albarushi a harsashin da Daktora za ta yi atisaye da gasa da shi, wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka.

"Malam, sun tsallako Masar," in ji Fatna. "Suna Aswan, dukkansu. Gobe za su hau jirgin ƙasa."

Ya fita tsakar kulob ɗin ya yi sujadar godiya a kan siminti. Da ya dawo ya ga farantin, ya ɗauka ya riga ya leƙa, ya ci gaba da matse dalma.

Ranar Talata Daktora ta tsaya a layi, Usta yana riƙe da agogon gwaji. Ta harba shida a jere, na bakwai ya ba da wata 'yar ƙara, fut, kamar an buɗe kwalba. Hannunta ya riga ya kai don ta ja bindigar ta saka wani harsashin, sai ta tsaya. Usta ma ya ɗaga hannu.

"Kada ki taɓa. Ajiye ta."

Ya kwance bindigar, ya zura siririn ƙarfe ta baki, ƙarfen ya tsaya a rabi. Dalmar tana maƙale a cikin bututu. Kwanson ba albarushi a ciki, ƙwayar kunnawa kawai ta tura ta ta tsaya. Da ta sake harbi a kanta, bututun zai iya fashewa a hannun da aka yi wa aiki.

Usta ya juyo. "Wataƙila albarushin ya jiƙe."

"Bai jiƙe ba," in ji Badamasi. "Ban zuba ba. Na ɗauki waya, na dawo ban leƙa ba."

Daktora ta cire toshiyar kunnenta, ta dubi bindigar, ta tattara jakarta ta tafi.

Harsashi ɗari uku ya yi mata a wannan zubin. Ya kwashe su duka ya koma ɗaki, ya dinga zare dalma ɗaya bayan ɗaya, yana juye abin da ke ciki a sikeli. Kwana biyu ya yi yana wannan. Bai sami wani fanko ba, wancan ne kaɗai. Hakan bai sanyaya masa rai ba. A gida an cika maƙil, mutum takwas a ɗaki biyu, yaran Mahasin suna firgita in babur ya yi ƙara a titi. Bai gaya wa Fatna ba sai da ta tsare shi a kicin.

"Malam, tun shekaranjiya ba ka gama tuwonka. Me ya faru?"

Ya faɗa mata. Ta daɗe tana juya miya, sannan ta ce, "Ni na kira ka."

"Ke kin yi daidai. Ni ne na ɗauka."

Ranar Alhamis ya ce wa Usta Ismail yana so a mayar da shi wankin kwanso da shara, a nemo wani ya riƙa awo. Usta ya rubuta rahoton abin da ya faru don hukumar kulob, ya karanta masa, bai rage komai ba. Aka dakatar da shi daga awo na mako biyu.

"Bayan mako biyu ka dawo teburinka," in ji Usta. "Shekara goma sha tara, fanko ɗaya. In na kawo sabo, ban san nasa nawa ba ne."

Daktora ba ta zo Talatar da ta biyo ba. Ta bayanta ta zo, ta same shi a bakin famfo yana tsane kwanso.

"Na ji tsoro ran nan, Ammu. Na kwana biyu ina jin haushinka."

"Kina da gaskiya."

"Usta ya gaya min maganar 'yan'uwan matarka. Yaya suke?"

"Alhamdu lillahi, suna warwarewa."

"Ka kawo min yaran asibiti in duba haƙoransu." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Gasa saura kwana goma sha takwas. Na gwada na kamfani, hannuna ya ƙi. Za ka yi min, ko in janye?"

Ya ce zai yi, da sharaɗin Usta zai leƙa kowane faranti bayan ya leƙa. Haka aka yi, kuma haka ake yi har yanzu ga harsashin kowa.

Ranar gasa an tashi da iska. Alƙalai suka zari harsashinta suka gwada a na'ura, ya haye ƙa'ida da ɗan abin da Badamasi ya bari. Ta zo ta biyar cikin mata goma sha tara. Da aka gama ta ɗaga masa hannun daga nesa, ta murza wuyan hannun ta nuna ba ciwo, ya gyaɗa kai ya koma tsintar kwanso.

Mahasin da yaranta sun yi wata bakwai a gidansa kafin su sami ɗaki a Giza. Bara Usta Ismail ya yi ritaya saboda ciwon baya. Lasisin ba ya hawa kan baƙo, don haka aka kawo wani sabon Usta, wanda Badamasi ya girme shi da shekara goma sha biyar. Watan farko sun ɗan sami saɓani, domin sabon yana so a sayo injin da ke fitar da ɗari cikin minti kaɗan. An sayo injin, ana yin harsashin atisaye da shi. Na gasa kuwa, mutum goma sha ɗaya a kulob ɗin suka rubuta wa hukuma cewa na hannun Ɗantsoho suke so, aka bar masa teburinsa kwana uku a mako.